Na Zuba Sirrin Babana Cikin Wasa, Abokina Ya Gane

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu manya da ƙanana. Ina gaishe ku da aiki, ina gaishe ku da damina. Don girman Allah kada a buga sunana, kuma sunayen da za ku gani a nan duk na sauya su. Ina roƙo, kafin wani ya kira ni ɗan banza, ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san abin da na yi, ba sai an tuna mini ba. Mafita nake nema.

Ni mushe ne, kamar yadda ake kiran malamin makaranta a nan wajenmu, ina koyarwa a wata lekol a Magariya. Asalinmu wani ƙauye ne a yankin Dungas, can mahaifina yake zaune, yana noman gero da wake da ƴar gyaɗar da ake iya samu tun bayan shekarun fari. Tsohon sojan Faransa ne, ya yi yaƙin Indoshin, ya dawo da igiyar sarjan, shi ya sa kowa Baba Sarjan yake ce masa. Ina da aboki wanda zan kira Laminu, anfirmiye ne, wato ma'aikacin jinya, a dispansar nan garin. Tare muka tashi, kwano ɗaya muka ci. Mahaifinsa Ilu tare aka ɗauke su soja da babana, shi ne mai busa ƙahon soja, kuma bai dawo ba. Laminu yana goye aka tafi da uban, hotonsa kawai ya sani, yana tsaye riƙe da ƙahon. Da babana ya dawo, abin da ya gaya wa Inna Hajo, mahaifiyar Laminu, shi ne zazzaɓi ya kashe Ilu a asibitin bariki, kuma shi da hannunsa ya sa shi a kabari. A kan wannan magana ta yi takaba. Tun daga nan Baba bai taɓa girbi bai aika mata da dami ba, rana ɗaya ya kai mu lekol ni da Laminu, in ya ɗinka mini riga ya ɗinka masa. Yanzu kuma an sa ranar auren Laminu da ƙanwata Rakiya bayan girbi. Su suka ga juna suka so, mu dai murna muka yi.

To ga yadda wasa ya shigo cikin maganar. Akwai wani Bature ɗan Amirka da ya zo yana koyar da Ingilishi a kolej, yana jin Hausa kaɗan-kaɗan, shi ya zo da wani wasa da ban taɓa ganin irinsa ba. Ba caca ba ce, ba a sa ko dala. Mutum ɗaya shi ne mai labari, shi ke faɗin ƙasar da ake ciki da abin da ke bayan kowace ƙofa. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya zama shi, ya yi magana da bakinsa, ya zaɓa masa abin yi. A takarda ake rubuta abin da jarumin ya iya, kowace gwaninta da lambarta: hawan doki, harbin baka, bin sawu, iya magana. In jaruminka zai yi abu mai wuya sai ka jefa wani ɗan ƙashi mai fuska ashirin, kamar na lido amma ya fi shi kusurwa, a haɗa abin da ya fito da lambarka, a ga ko ya iya ko ya kasa. Da Baturen zai tafi ya bar mini ƙashin da littafin. Littafin da Ingilishi yake, ba na gane ko rabinsa, don haka muka mayar da abin namu: birane masu ganuwa, dodannin ruwa, mayu, ƴan fashi. Ni ne mai labari. Masu wasa na kullum su ne Laminu da wani Isufu mai aiki a duwan, wato kwastan. Duk Lahadi bayan azahar muna gindin dalbejiya bayan lekol, da shayinmu, har a kira magariba.

Jarumin Laminu sunansa Barde, tsohon mayaƙi mai furfura. Tun ranar farko ya ce a sa masa bara mai busa ƙaho yana bin sa, don tunawa da babansa, muka sa. Wata Lahadi, bayan ƴan fashi sun yi musu kwanton ɓauna sun sha da ƙyar, sai Laminu ya ajiye kofinsa ya ce, "Mushe, wasan nan akwai zalunci a ciki. Barde ya tsufa a fagen fama, ni kuwa allura kaɗai na taɓa soka wa mutum. In an zo harbi ƙashi ke yi masa, ba ka taɓa ce mini in tashi in harbo kurciya ba. Amma in an zo tsara yaƙi sai ka ce in yi tunani da kaina. Ka ɗora kan anfirmiye a wuyan barde ke nan." Isufu ya ce shi bai yarda ba, tunanin ai shi ne daɗin wasan, in ƙashi zai yi maka tunani to ka tafi gida ka bar shi ya yi wasan shi kaɗai. Suka yi ta gardama har shayi ya huce. A ƙarshe muka daidaita a kan sabuwar gwaninta, muka sa mata suna sanin dabarun yaƙi, muka ba Barde babbar lamba a kanta. In ya jefa ya ci, ni mai labari zan gaya masa abin da tsohon mayaƙi zai hango a wurin, shi kuma ya zaɓa ko ya bi ko ya ƙi. Kowa ya ji daɗi. Ni ban lura ba a lokacin cewa duk nauyin kaina ya dawo.

Me na sani game da yaƙi? Ni da ko rago ba na iya yankawa? Karo na farko da Laminu ya jefa ya ci, na gyara murya na ce, "Barde ya hango cewa ku far musu da ƙarfi ta gaba." Isufu ya yi dariya har ya ƙware, ya ce wannan ai ko ragon layya ya san ta. Na ji kunya ƙwarai, kuma ni mutum ne da ba ya son a yi masa dariya, wannan shi ne ciwona tun ina yaro. Da aka yi hutu na hau ɗan babur ɗina mobilet na nufi ƙauye.

Babana ba ya maganar yaƙi. Tun tasowarmu in aka tambaye shi sai ya ce abin ya wuce, ya tashi ya ba dabbobi ruwa. Na san in na ce masa don wasa nake so, kallona kawai zai yi. Sai na yi masa ƙarya. Na ce an ce mu koya wa yara tarihin sojojinmu, kuma ba wanda ya san shi kamar shi. Baba yana alfahari da aikina, ko sunana ba ya kira, Mushe yake ce mini. Ya ce, "In don yara ne, to." A gona muke zama in rana ta take, a gindin gawo, ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Ya ce kada ka taɓa bin ƙoƙuwar tudu, sama za ta nuna ka, ka bi ta gefensa. Ya ce in tsuntsaye suka yi shiru gaba ɗaya a wuri, akwai mutum kwance. Ya ce hanyar da ka bi ka tafi kada ka dawo ta ita. Ya ce na ƙarshe a layi shi ake fara ɗaukewa ba a ji ba, don haka gwaninka za ka sa a baya, ba raggo ba. Ya ce kafin ka ƙirga mutanenka ka ƙirga ruwansu. Ni kuwa ina kwashewa ina kai wa gindin dalbejiya. Wallahi wasan ya canza. In Laminu ya jefa ya ci na buɗe baki, sai ka ji wuri ya yi tsit. Isufu ya daina dariya. Mutane suka fara zuwa kallo, har darektan lekol ɗinmu yakan jawo kujera. Ana ta cewa ashe Mushe ya san yaƙi haka, ni kuma ina sunkuyar da kai kamar mai kunya, alhali kaina kumbura yake. Duk sanda dabara ta ƙare mini sai in koma ƙauye in ɗebo wata. Innata ta tare ni wata rana a bakin madafi ta ce, "Wai me kake tono wa tsohon nan ne? In ka tafi sai ya wuni bai ce uffan ba, tuwo ma taɓawa kawai yake." Na ce ba komai Inna, tarihi ne. Kun ji? An gaya mini, na ji da kunnena, ban fasa ba.

A labarin wasanmu na riga na shirya wani babban kogi da za su iso, rundunar sarkin mayu tana bin su. Don haka wata ranar a gona na ce, "Baba, in an ritsa ku, ruwa a gaba, abokan gaba a baya, kuma sun fi ku yawa, yaya ake yi?" Ya ajiye tsinken hannunsa. Sannan ya fara magana da wata murya da ban san shi da ita ba. Ya ce, "Baturen da ke shugabantarmu ya mutu tun da safe, ni ne babba. Ga kogi ya cika, ga su a baya cikin itatuwa, ba ma ganinsu amma muna jin motsinsu. Akwai mashiga can ƙasa inda ruwa ke tsayawa a ƙirji, amma in suka gane mun tashi, a tsakiyar ruwa za su tsince mu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani a cikinmu an harbe shi a cinya, ba ya iya takawa. Na sa aka hura wuta nan da can kamar muna girki. Na jingina shi da itace, na ba shi ƙahonsa da gorar ruwa, na ce masa, ka ci gaba da busa, za mu dawo da jirgi." Ya ci gaba: "Muna cikin ruwa muna jin busa. Mun haye muna ji. Mun yi nisa muna ji. Sannan ta yanke a tsakiya, kamar an toshe masa baki." Na ce, "Baba, kun koma?" Ya ce, "Ko jirgin ban nema ba. Tun ina faɗa masa na san babu jirgi." Ban tambayi wane ne ba, don na riga na sani. Shi ya faɗa da kansa: "Ilu ne." Ban taɓa ganin hawayen babana ba sai ran nan. Ya ce duk sauran sun tsira, wasu suna nan da jikoki, amma wannan bai taɓa sa abin ya yi masa sauƙi ba. Ya kama hannuna ya ce, "Mushe, ka rantse ba za ta fita bakinka ba, ko ga uwarka." Na rantse da Allah.

Yanzu ga inda za ku tsane ni. Da na koma Magariya na yi niyyar cire kogin nan daga labari. Ni ne mai labari, da kalma ɗaya zan iya busar da shi, in ce fari ya ƙafar da shi su wuce ta yashi. Me ya hana ni? Na riga na zana shi da kyau, an yi makonni ana ɗokin isowa gare shi, kuma ranar mutane sun cika gindin dalbejiya fiye da kullum. Na ce a raina zan ƙirƙiro wata dabara daban in lokaci ya yi. Aka fara wasa, aka gwabza a bakin ruwa, ƙashi ya faɗi yadda ya ga dama, kibiya ta sami baran Barde mai busa ƙaho a ƙafa. Ba ni na shirya wannan ba, Allah shaida ne, amma da na ga ta faru, ya kamata a nan in ce magariba ta yi mu tashi. Laminu ya ce, "Barde zai duba wurin nan da idon tsohon mayaƙi." Ya jefa. Ashirin ta fito, wadda babu sama da ita. Wuri ya kaure da ihu, Isufu yana buga cinya yana cewa yau za mu ji dabarar da ba a taɓa ji ba. Ido duk ya dawo kaina. Na laluba kaina, babu komai a ciki sai muryar babana. Na ce a raina ai sunaye daban ne, ƙasa daban, nan mayu ne ba mutane ba, wa zai gane? Sai na ji bakina yana cewa: Barde ya hango mashiga can ƙasa, ya hango cewa in an hura wuta nan da can, aka bar mai ƙaho yana busa, mayu za su ɗauka runduna tana nan.

Laminu ya ce, "Kai! Wannan dabarar mugu ce." Isufu ya ce, "Amma ita kaɗai ce." Laminu ya yi ta juya ƙashin a hannunsa, yana murmushi har lokacin, ya ce, "To me Barde zai ce wa yaron? Ai ba zai yarda a bar shi ba." Na ce, "Ka ce masa, ka ci gaba da busa, za mu dawo da jirgi." Murmushin ya ɓace daga fuskarsa. Na gani da idona, amma saboda jama'a sun yi tsit suna saurare, daɗin abin ya ɗebe ni, na zarce. Na ce, "Muna cikin ruwa muna jin busa, mun haye muna ji, mun yi nisa muna ji, sannan ta yanke a tsakiya." Muna na ce, ba kuna ba, kamar ina cikinsu. Darekta ya ce wallahi tsigar jikinsa ta tashi. Laminu ya ajiye ƙashin a hankali a kan tabarma, ya ce yana da majinyaci da zai duba, ya tashi ko takalmi bai gama sawa ba. Tun ranar ba mu sake wasa ba.

Bayan ƴan kwanaki ya zo lekol lokacin da yara suka fita shan iska, ya tsaya a taga ya yafito ni. Muka zagaya bayan aji. Bai gaishe ni ba, mu da ko sau nawa muka haɗu a rana sai mun yi barkwanci. Ya ce, "Ka tuna daminar bara da zazzaɓi ya kwantar da Baba Sarjan, na je ƙauye na zauna ina yi masa allura?" Na ce na tuna. Ya ce, "Da jikinsa ya yi zafi sosai ya damƙe wuyan hannuna, ya kalle ni ya ce, Ilu, ka ci gaba da busa, za mu dawo da jirgi. Ya faɗa ya sake faɗa. Na ɗauka sambatun zazzaɓi ne, don ina jirgi a Dungas? Ban gaya wa kowa ba. Mushe, kalma ɗaya ba ta sauya ba tsakanin bakinsa da naka. A ina ka samo ta?" Na ce a littafin Bature. Ya ce in kawo littafin, Isufu yana ɗan karanta Ingilishi saboda aikin iyaka, a nuna masa shafin. Na ce gara ta ci wurin. Ya ce to in dafa Alƙur'ani in ce daga littafi ne. Kun san abin da na ce? Na ce ba ni da alwala. Namiji da gemu, mai koyar da ƴaƴan mutane, abin da ya fito bakinsa ke nan. Bai yi dariya ba, bai kuma yi fushi ba, da ma ya mare ni da ya fi mini. Ya ce, "In ba a asibiti ya mutu ba, wa ya ga gawarsa? Takabar wa uwata ta yi? Ka taɓa tunanin wataƙila kama shi aka yi? Wataƙila ya daɗe da rai a hannunsu yana cewa mutanensa za su zo." Ni wannan ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba, kuma na tabbata Baba ma ba shi da amsarsa. Na jingina da bango. Laminu ya ce, "Ba zan sake tambayarka ba, na ga an ɗaure maka baki. Ranar da na sa ido a kan Baba Sarjan shi zan tambaya." Ya juya ya tafi, yara suna ta gaishe shi bai amsa ba.

Na hau mobilet na tafi ƙauye da niyyar in faɗi a gaban Baba in gaya masa komai. Na same shi yana gyaran rumbu, yana ƴar waƙa, abin da na manta rabon da in ji. Ya ce, "Mushe, ka san tun da na sauke maka kayan nan nake barci kamar jariri? Ashe abin da ya rage mini ke nan, in sami ɗa mai riƙe amana." Sannan ya tambaye ni ko yaran lekol suna jin daɗin tarihin, ya ce ya tuno wata dabarar ma ta tsallake fili in ina so. Ta ina zan fara? In ce Baba babu wasu yara, babu tarihi, wasa muke yi da ƙashi a gindin itace, kuma abin da ka binne tun kafin in yi wayo na baje shi a gaban ɗan Ilu don a tafa mini? Sai na ce masa suna jin daɗi. A tsakar gida Rakiya ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, lafiya Laminu ya ɗauke ƙafa? Ko saƙo babu. Na yi masa wani laifi ne? Kai ne abokinsa, don Allah ka gaya mini gaskiya." Na ce aiki ne ya yi masa yawa, damina ce, zazzaɓi ko'ina. Zan fita gari kuma na ci karo da Inna Hajo, ta riƙe ni da gaisuwa, ta ƙulla mini gyaɗa a leda in kai wa Laminu, tana cewa, "Allah ya saka wa babanka, shi ya rufa wa Ilu asiri a can, ya rufa mana a nan." Gyaɗar tana nan a ɗakina, na kasa kai masa.

Tsoro nake ji, jama'a, irin wanda ban taɓa ji ba. Baba yana da tansiyo, wato hawan jini, likita ya ce kada a tayar masa da hankali, in Laminu ya jefa masa wannan tambaya ba shiri, zai tashi daga wurin kuwa? In ya tashi, da wane ido zai kalle ni? Ina tsoron bakin uba, ina tsoron rantsuwar da na karya, ban san ko akwai kaffarar da za ta wanke irin wannan ba. Ina tsoron ranar da Inna Hajo za ta ji cewa hatsin da ta ci shekara da shekaru daga hannun wanda ya jingina mijinta da itace ya fito. Ina tsoron auren Rakiya, ita da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. In maganar ta fita a ƙauye, mutumin da ake tashi tsaye in ya shigo masallaci, yaya zai ƙare kwanakinsa? Akwai wani tsoron kuma da nake jin kunyar rubutawa: Laminu ne ke auna Baba, shi ke ba shi magani, shi ke yi masa allura. Na san Laminu, ko kaza ba zai cuta ba, amma tunanin yana zuwa mini, kuma duk sanda ya zo sai in ƙara tsanar kaina, na cuce shi sannan ina zarginsa. Wani lokaci kuma sai in ce, shin ba shi da haƙƙin ya san yadda ubansa ya ƙare? In nawa uban ne, zan yarda a ci gaba da rufe ni? Ni na ɗauka sanin dabarun yaƙi abu ne kamar hawan doki, ka rubuta lamba a gefensa ka wuce. Ban tsaya na tambayi kaina da me tsohon nan ya sayi kowace dabara da yake zana mini a ƙasa ba.

Na yi tunanin in je in dafa Alƙur'anin in yi ƙarya, in ɗauki zunubin ni kaɗai kowa ya huta, amma Laminu ya riga ya ji daga bakin Baba, rantsuwata ba za ta goge wannan ba. Na yi tunanin in gaya wa Laminu komai in roƙe shi ya bar tsoho ya mutu da mutuncinsa, to wannan karya amana ce karo na biyu, kuma da wane baki zan roƙe shi? Na yi tunanin in riga shi zuwa wurin Baba, ko ya tsine mini, aƙalla ya shirya, ya kira Laminu da kansa. Na gwada sau ɗaya kun ga yadda na ƙare. Na yi tunanin in sami liman ko wani dattijo ya shiga tsakani, amma duk wanda na gaya wa, kunne ɗaya ya ƙaru.

Kuma ba ni da lokaci mai yawa. Jiya direban kamiyon, babbar motar kayan da ke zuwa kasuwar Dungas, ya kawo mini saƙon Baba. Baba ya ce ƙarshen wata zai shigo Magariya karɓar pansiyo, kuɗin ritayarsa na soja, a wurina zai sauka, kuma in gaya wa ɗansa Laminu ya tanadi abin awon jini, don kwanan nan yana jin kansa yana sarawa. Ni zan ɗauke shi a bayan mobilet in kai shi dispansar, ni zan zaunar da shi a kan benci, ya naɗe hannun riga ya miƙa wa Laminu hannu yana yi masa murmushi, bai san komai ba.

Don Allah wanda ya san fita ya nuna mini, malami ne ko tsohon soja ko uwa mai ƴaƴa. Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma ku haɗa da shawara.

Me zan yi?